Inda Na Rabu da Rifkatu

Sati uku da saukata a Poland na gane ƙarya aka yi mana. Ejan ɗin da ya yi mini takardu a Kaduna, wani mai ofis a saman bene da kujerun fata, ya rantse wa babana cewa karatun jinya zan fara kai tsaye, kuma da Turanci. Da na je wurin rajista, matar da ke ofishin ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta nuna mini sunana a ajin koyon harshe. Shekara guda zan yi ina koyon yarensu, in na ci jarrabawa sannan a duba ko za a ɗauke ni jinyar, ita ma da yaren nasu ake koyar da ita. Na kira ejan, ya ce in kwantar da hankalina zai bincika. Kira na biyu bai ɗauka ba. Na uku aka ce lambar ba ta aiki.

Babana tela ne a Tudun Wada, filinsa ɗaya tak ya sayar saboda wannan tafiya. Da ya tambaye ni yaya karatu, na ce masa alhamdu lillahi.

Garin da makarantar take ƙarami ne, can gabashin ƙasar. Da hunturu ya kama, ƙarfe uku da rabi na yamma duhu ya fara rufewa. Mutane ba su zagi na ba, ba su kuma gaishe ni ba. A bas, kujerar da ke gefena ita ce ta ƙarshe da ake zama a kai. Na yi kwana goma sha wani abu ba wanda ya kira sunana daidai, har wata rana na shiga kicin ɗin ɗakin kwanan ɗalibai na tarar da wata doguwa baƙa tana faɗa da murhun lantarki.

"Wannan wace irin masifa ce, jama'a! Tuwo ma sai an roƙe ka?"

Tukunyar da ke hannuna ta kusa faɗuwa. Na ce, "Sannu da aiki."

Ta juyo a hankali, muciya a hannu, ta ƙare mini kallo daga hijabi har silifas. "Yesu na! Daga ina?"

"Kaduna. Tudun Wada."

"Ni Sabon Tasha!"

Ta rungume ni da muciyar da komai, har ta shafa mini gari a baya. Sunanta Rifkatu. Iyayenta mutanen Filato ne, amma a Sabo aka haife ta, mamarta tana sayar da acca da manja a kasuwa. Ejan ɗaya ne ya yi mana takardu, ƙarya ɗaya ya yi mana. A gida gada ɗaya ce tsakaninmu, amma ni ban taɓa sauka a Sabo ba sai dai wucewa a mota, ita ma rabonta da Tudun Wada tun tana ƙarama. Ranar muka ci tuwon garin semo da miyar kuka mai ɗanɗanon ƙauri, muka yi ta lissafa kwanar titin da kowace ta sani a Kaduna, daga Kasuwa zuwa unguwar Talbijin. Sati bai zagayo ba muka roƙi a haɗa mu ɗaki ɗaya.

Ita ce ta samo mana aiki a kamfanin kaji da ke bayan gari. Shida na safe zuwa biyu na rana muna tsaye a ɗakin sanyi, kaji na wucewa a kan bel ɗin inji, muna ciccire fukafukai muna jerawa a roba. Daga can mu wuce aji har shida na yamma. Yatsuna suka tsattsage, ruwan alwala ya zama abin tsoro. Mai kula da mu a kamfanin yakan rage mana awanni a takarda, in mun yi magana ya ɗaga kafaɗa ya ce ba ya jin Turanci. A aji kuwa barci muke yaƙi da shi. Malamarmu, wadda muke kira Pani Agata, wato Malama Agata, mace ce mai haƙuri. Ta san inda muke fitowa. Takan zo da shayi a fulas ta ajiye mana a bayan aji, ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Ni da ƙyar na haye jarrabawar tsakiyar shekara. Rifkatu ta faɗi. Aka ba ta dama ta biyu, ta sake faɗuwa. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ta fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba, amma ita tana ƙara aikin Asabar da Lahadi saboda ƙannenta biyu da ke makaranta a gida. Sai ga takarda daga ofis: ƙarshen wata za a cire sunanta, a sanar da hukumar shige da fice. Ta karanta, ta ninke, ta tura ƙarƙashin katifa. Na ce mu je mu roƙi Pani Agata. Ta ce an riga an roƙa, ba a hannunta abin yake ba. Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma gajiya ta sa na bi ta a haka.

Cikin wannan hali makaranta ta shirya mana ziyara zuwa tsohuwar fadar sarakunan ƙasar, a wani babban birni da ke kudu, tafiyar awa huɗu a mota. Ni na so in yi amfani da ranar in yi barci. Rifkatu ta dage.

"Sa'a, wata shida muna ƙasar nan ba mu ga komai ba sai gindin kaza. Tashi mu je mu ga inda manya suka zauna."

Da safe na gan ta da jakar goyo cike tam. Na ce, "Ke, can za ki tare?" Ta yi dariya ta ce sanyi take tsoro, rigunan sanyi ne. A mota ta kwantar da kai a kafaɗata, amma na lura idonta biyu har muka isa.

Fadar tana kan tudu, kogi na zagaye ta ta ƙasa. Ganuwar jan bulo ce mai kauri, da hasumiyoyi masu koren rufi. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, hanyar hawa ta zama caɓi, ruwa ya shige mini takalmi tun kafin mu kai ƙofa. Mu ashirin da uku ne, 'yan Indiya da 'yan Zimbabwe da wasu Larabawa biyu. Pani Agata ta ƙirga mu a bakin ƙofa, ta ce ƙarfe biyu kowa ya dawo nan.

Wani saurayi mai jagora ya shige gaba da mu, ɗaki bayan ɗaki. Ga manyan dardumai rataye a bango, an saƙa mutane da dawaki da namun daji a jikinsu. Ga murhun tangaran mai tsayi har kusa da rufi a kowace kusurwa. Ga takubba da sulke da kwalkwali a cikin gilashi. Yana ta jero sunayen sarakuna, wane ya gaji wane, wane ya ƙone wannan ɓangare, wane ya sake ginawa. Gaskiya abin kallo ne, amma ni ƙafafuna nake ji. Duk ɗakin da muka shiga kujera nake nema da ido, kuma kowace kujera an kewaye ta da jar igiya.

A ɗakin kwanan sarki muka ga gado mai rumfa, an yi masa ado da zinariya, amma gajere ƙwarai. Rifkatu ta ɗaga hannu ta tambaya ko sarkin guntu ne. Mai jagora ya ce a'a, mutanen wancan zamani a kishingiɗe suke kwana, suna tsoron miƙewa kamar gawa.

Ta raɗa mini, "Ashe su ma ba su samu barcin kirki ba."

Na yi dariya har wani ɗan Indiya ya juyo. Ita ce dariyar ƙarshe da muka yi tare.

Da ayarin ya wuce ɗakin karagar mulki, ta riƙe mini hannu muka tsaya a wani dogon baranda mai tagogi. Ta taga ana hango kogin da gadoji da rufin gidajen birni.

"Sa'a, ba zan koma da ku ba."

Ban gane ba da farko. Ta yi bayani da sauri, idonta a kan taga. Akwai wata Anti Talatu, 'yar cocinsu ta Sabo, da ke zaune a Jamus. Ta ce za ta samo mata aikin kula da tsofaffi a gida, ba a tambayar takarda. Motar Jamus tana tashi daga tashar wannan birni ƙarfe huɗu. Tikiti na cikin jakarta tun sati biyu da suka wuce.

"Kin san matar nan sosai?"

"Na san ta a coci."

"Rifkatu, haka muka san ejan."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "To in koma Sabo in ce wa Mama me? In ce na je Turai na fige kaji na dawo? Har addu'ar godiya aka yi mini a gaban jama'a." Ta share hanci da bayan hannu. "Akwai sauran kujera a motar, na duba da safe. Zo mu tafi, 'yar'uwa. Ke ma wahalar nan kashe ki za ta yi."

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Na tuna ɗakin sanyi, na tuna shekara uku ko huɗu da ke gabana cikin yaren da har yanzu nake jin sa kamar ana tauna tsakuwa. Na tuna ɗakinmu ba ita. Amma na tuna babana a kan keken ɗinki, da yadda yake gaya wa duk mai kawo ɗinki cewa 'yarsa na karatun asibiti.

Na ce, "Ba zan iya ba."

"Na sani. Shi ya sa ban gaya miki a ɗaki ba, da kin ɓoye mini fasfo." Ta yi ɗan murmushi. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki faɗa sai ƙarfe huɗu ta yi. In suka kira 'yan sanda da wuri, a tasha za a tsince ni. Ki rantse."

Na rantse. Ta rungume ni, ta gyara mini hijabi a goshi kamar yadda takan yi in za mu fita, ta sauka ta matattakalar da aka rubuta mafita. Na tsaya a taga har na hango ta a filin ƙasa, jaka a baya, tana tafiya da sauri tana kauce wa caɓi. Ta shige ƙarƙashin ƙofar ganuwa.

Ban san yadda na isa ɗaki na gaba ba. Jiri ya ɗebe ni, na ga kujera, na tsallake igiya na zauna. Nan take wata ƙara ta tashi. Wata tsohuwa mai gadin ɗakin, cikin shuɗin yunifom, ta taho da sauri tana faɗa. Na miƙe ina ba da haƙuri, sai jirin ya sake ɗibata. Ta dube ni da kyau, faɗan ya tsaya. Ta kashe ƙarar, ta kama ni ta hammata ta kai ni kusurwa, ta zaunar da ni a kan ɗan kujerarta ta katako. Ta ciro alewa daga aljihu ta ɓare ta sa mini a hannu.

Ta tambaye ni daga ina. Na faɗa mata. Ta tambaya ko mamata na da rai, na ce e. Sai ta ce 'yarta ita ma tana Ingila shekara tara, tana wanke-wanke a otal, kullum a waya sai ta ce komai lafiya.

"Duk haka kuke cewa," in ji ta. "Mu kuma mu yi kamar mun yarda."

A hankali take magana, kuma wannan ne karo na farko da na fahimci zancen mutumin ƙasar daga farko har ƙarshe ba tare da na nemi a maimaita ba. Ta tsaya a kaina kusan rabin awa, tana korar masu leƙe da hannu, har jirin ya sake ni.

Ƙarfe biyu Pani Agata ta ƙirga mu a bakin ƙofa. Ashirin da biyu. Ta sake ƙirgawa.

"Sa'adatu, ina Rifkatu?"

Na ce ban sani ba, mun rabu a ciki.

Ta kira wayarta, a kashe. Ta koma cikin fadar da mai jagora, suka bi ɗaki ɗaki. Ta fito ta duba banɗaki, ta duba shagon tsaraba, ta duba cocin da ke cikin ganuwar. Iska mai sanyi ta taso daga kogi. Ɗalibai suka fara gunaguni, wasu na da aikin yamma da za su rasa. Direba ya hawo tudun da kansa yana nuna agogo. Ni ina jingine da bango, ƙafafuna jiƙe, ina kallon agogon hasumiya kamar in tura hannunsa da yatsa.

Wajen uku da rabi Pani Agata ta zo ta tsaya a gabana. Hularta ta faɗi wani wuri, gashinta ya jiƙe, tana haki. Ta ce ta san labarin takardar da aka ba Rifkatu. Ta ce shekarun baya ta taɓa rasa wani ɗalibi da ya shiga irin wannan hali, kuma ba a same shi da rai ba. Tana magana tana kallon kogin.

"Don Allah, in kin san wani abu ki faɗa mini. Ba zan yi fushi ba. So nake kawai in san ba ta cikin ruwan nan."

Wannan matar ce ke kawo mana shayi. Na dubi idonta na ce ban sani ba. Ta gangara bakin kogi da gudu-gudu, tana zamewa, tana leƙa ƙarƙashin ganuwa tana kiran sunan Rifkatu yadda bakinta ya iya. Na yi abubuwa a rayuwata da nake jin kunyarsu, amma babu wanda ya kai wannan rabin awa.

Da ƙararrawar hasumiya ta buga huɗu, na gangara na same ta. Waya na kunnenta, ta fara magana da 'yan sanda. Na ce, "Tana da rai. Ta shiga motar Jamus."

Ta sauke wayar. Ta dube ni, ta dubi hasumiyar, ta gane. Ta hau tudun ta ce kowa ya shiga mota. Awa huɗun komawa ba wanda ya zauna kusa da ni.

An kira ni ofis sau biyu, na amsa tambayoyi, aka bar ni. Pani Agata ba ta kai ƙarata ba, ba ta kuma rage mini maki ba. Ta ci gaba da ajiye fulas a bayan aji, ni ce na kasa sake taɓa shi. Rifkatu ta kira ni daga Jamus bayan kwana uku, muryarta a sake, ta ce ta isa. Bayan wata biyu ta ce Anti Talatu ta karɓe mata fasfo wai don ajiya. Daga baya ta kira da wata lamba ta ce ta bar gidan, tana wani gari. Sai kiran ya koma wata-wata, sannan ya tsaya.

Na ci jarrabawar harshe, aka ɗauke ni karatun jinya. Sai da na shekara uku kafin na samu zuwa gida hutu. Na yi sati biyu a Tudun Wada ina ɗaga zuwa Sabo daga yau zuwa gobe. Ranar wata Laraba na shiga bas a Kasuwa, muka haye gada, muka bi ta Talbijin, na sauka na hau keke napep. Na tambayi mai sayar da acca 'yar Filato, uwar Rifkatu, aka nuna mini gida a bayan wani coci mai shuɗin rufi.

Tana tsakar gida tana tankaɗe. Doguwa ce kamar 'yarta. Na yi sallama na durƙusa, kafin in faɗi sunana ta ce, "Sa'a ce. Na san muryarki a waya." Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunu mai sanyi. Muka gaisa, ta tambayi iyayena da hanya. Duk hanyar da na biyo ina shirya abin da zan ce, don na ji Rifkatu takan turo mata saƙon murya jifa-jifa, tana cewa muna tare, karatu na tafiya.

Na fara, "Mama, Rifkatu tana gaishe ki, jarrabawa ce ta..."

Ta ɗaga hannu. "'Yata, kada ki wahalar da kanki. Ni na haife ta. Tun shekarar farko na san ba ta makarantar nan. Yau lamba kaza, gobe lamba kaza, kuma ta daina ba ni labarin abin da kuka dafa." Ta ajiye rariyar. "Ban gaya wa kowa ba, ko ƙannenta. A coci in an tambaya sai in ce tana nan lafiya. Ke dai gaya mini yadda aka yi."

Na gaya mata duka: ejan, kamfanin kaji, takardar, fadar, rantsuwar da na yi, da matar da na bari tana neman gawa a bakin kogi. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta tambaye ni.

"Ta ci abinci ranar?"

"Mun ci burodi da ƙwai a mota."

"Da rigar sanyi a jikinta?"

"Biyu ma, Mama."

Ta gyaɗa kai. Na ce da na sani da na riƙe ta, da na yi ihu, da na karya rantsuwar. Ta ce, "Rifkatu? Ko ni ban taɓa iya riƙe ta ba." Sai ta kamo hannuwana ta juya su, ta ga tabon tsagar da sanyi ya bar mini a yatsu. Ta shafa su da babban yatsanta.

"Ke ma kin gaji," ta ce. "Tashi ki shiga ciki."

Na ce zan koma kafin yamma. Ba ta saurare ni ba. Ta kai ni wani ɗan ɗaki mai gado ɗaya da kalandar coci a bango, ta kakkaɓe zanin gadon, ta ce na Rifkatu ne. Na zauna a bakinsa da niyyar minti biyar. Ban san lokacin da na miƙe ba. Rabona da barci irin wannan tun kafin in tafi Poland.

Hannunta na ji a ƙafata. Rana ta yi sanyi, ana jiyo masu keke suna kiran fasinja a titi. Ta ajiye buta cike da ruwa a bakin ƙofa, ta ce daga gidan wani mahauci ta aro, ta shimfiɗa sabon zani a ƙasa.

"Tashi, 'yata, lokacin sallarku ya yi. Mai butar ya ce gabas ta nan take." Ta nuna bangon da taga take. Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba. "In kin kai goshinki ƙasa, ki ambaci sunanta."